Tumbin Tunkiya a Diddigen Malam

Gazara, 6 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga aminiyata Mukarrama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya aikin asibiti, ya Firdausi da ƙannenta? Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki. Mun iso gida lafiya, sai gajiyar hanya. Ja'afaru direban motar Makarfi na ba wannan takarda, don kin san wayar garinmu, in aka yi magana uku ɗaya ce ke isa.

Ban san da wane baki zan gode miki ba. Wata bakwai ke nan maigidana, Malam, yana fama da gyambon nan a diddige, tun ranar da kututturen rake ya soke shi a fadama. Tun watan azumi kika ce ba a wasa da raunin mai ciwon suga, mu kawo shi Zariya. Ni ce na yi ta cewa bari a ƙarasa wannan sassaƙe, bari a gwada wancan gari. Jinkirin nawa ne, kuma ina jin kunyarsa.

Amma fa sai da na yi dariya a mota. Ke da ba ki cin kayan ciki tun muna firamare a Kudan, yau ke ce kike yi wa mutane faci da tumbin tunkiya. Na maimaita wa Malam bayaninki: an wanke tumbin an sake wankewa har ba sauran komai na tunkiya a jikinsa sai saƙar kawai, fara sol kamar takarda. In aka shimfiɗa ta a rauni, naman mutum ne zai riƙa binta yana hawa, yadda kabewa ke bin danga, har ya shanye ta ya cike ramin. Shi dai abu ɗaya ya tambaya, ko ba alade a ciki. Da na ce tunkiya ce, ya yi hamdala ya gyara zama.

Na riƙe sharuɗɗan. Kada a buɗe, kada ruwa ya taɓa, kada ya taka da ƙafar, mu dawo bayan kwana bakwai. Kin ce in wannan bai kama ba, ba abin da ya rage sai a yanke. Maganar nan ba ta bar kunnena ba.

Allah Ya saka miki da alheri.

Taki,
Azumi

Gazara, 11 ga Oktoba, 2024

Mukarrama,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da yara. Ki yi haƙuri da rubutun, cikin gaggawa nake yin sa.

Ƙafar Malam ta kumbura har idon sawu, fatar ta yi bororo tana saɓulewa, kuma tun jiya zazzaɓi ke kaɗa shi. Ba za mu jira ranar da aka sa mana ba, gobe da sassafe za mu taso. Don Allah ki sanar da likita. Kada ki tambaye ni yadda aka yi, ni ma kaina ya ɗaure.

Taki,
Azumi

Gazara, 24 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Mukarrama, wadda ban cancanci in kira aminiya ba,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da iyalinki. Mu ma da sauƙi. Dungulmin ƙafar da aka yanke ya warke, Malam ya fara koyon tafiya da sanduna, jiya har ƙofar gida ya kai. An fara matsar rake a bayan gari. In ya ji ƙarar injin da ƙamshin mazarƙwaila sai ya juya fuska bango, don shekara talatin ba a taɓa ɗora tukunyar farko ba ya wurin ba.

Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. A takardar da na aiko miki kwanaki na ce kaina ya ɗaure. Ƙarya na yi miki. Na san yadda aka yi, don da hannuna aka yi.

Kwana biyu da dawowarmu 'yan dubiya suka cika gidan. Cikinsu har da Yaya Wasila, yayar Malam, daga Malikanchi. Bandejin ya ɗan jiƙe, akwai kuma ɗan wari, ba zan ɓoye ba. Ta ja mayafi ta toshe hanci a gaban mata, ta dube ni ta ce, "Azumi, ashe haka kike barin ɗan'uwana yana ruɓewa, ko ruwan zafi babu?"

Kin san ni. A gidan nan da maƙwabta, duk wadda ta haihu ni ake kira wankan jego, duk wanda ya yi targaɗe ko maruru ni ke gasa masa. Abin da nake taƙama da shi ke nan a duniya, ba ni da boko irin naki. Sai ga shi an ce min ƙazama a cikin ɗakina. Suna fita na ɗora tukunya da ganyen darbejiya.

Malam ya tuna min cewa an hana buɗewa. Na ce dubawa kawai zan yi. Da na warware, na tarar farin fallen nan ya narke ya koma wani abu rawaya-rawaya mai yauƙi, ya manne a ramin. Wallahi kin gaya min haka zai yi. A bakin ɗakin likita kika riƙe hannuna kika ce zai yi kama da mugunya amma ba ita ba ce, alamar ya fara kamawa ne, kada in taɓa. Na ji da kunnena. Amma da idona ya gani, sai na ce a raina 'yan asibiti ba su san jinya ba, magani kawai suka sani. Na sa tsumma na goge shi tas. A ƙarƙashi akwai wasu ƙananan jajayen tsirin nama, na ɗauka ƙazanta ce, na dirje su har jini ya fito, ina murna wai ciwo ya yi tsabta.

Sannan na gasa. Hannuna ya saba da wuta, abin da ni zan ce ɗumi ne wani ba zai iya sa yatsa ba. Ina dannawa ina tambayarsa ko da zafi, yana cewa bai ji komai ba. Na ɗauka jarumta ce irin ta maza, na ƙara ruwa. Safe da yamma, kwana biyu. Sai a asibiti na ji likita yana cewa suga ya daɗe da kashe jijiyoyin ƙafar, ko garwashi aka ɗora masa ba zai sani ba. Dafa ƙafar mijina na yi, Mukarrama, yana kallona yana yi min sannu.

Sauran kina wurin. Da likita ya tambayi wanda ya buɗe ya zuba ruwan zafi, Malam ya ce shi ne, ba kowa a gida lokacin. Likita ya yi wa Malam, dattijo mai furfura, faɗa a gaban ɗalibai, ni kuwa ina tsaye riƙe da kwanon abinci na bar shi ya ɗauki laifin. Na ga irin kallon da kika yi masa. Na lura har aka sallame mu gaisuwar sama-sama kike yi masa, don kin sha wahala kafin ki samo masa abin nan da wasu ke layi a kansa. Ba shi ya watsa miki ƙasa a ido ba, ni ce. Ki gaya wa likita, a gyara abin da aka rubuta a fayil. In kina da fushi, ga inda za ki sauke shi.

Har yau Malam bai ɗaga min maganar ba. Na durƙusa na nemi gafara, ya ce in tashi, abin da Allah Ya rubuta ne, ya tambaya ko akwai sauran kunu. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Yaya Wasila ma ta zo ta yi kuka, tana zagin asibiti da tunkiyarsu, na bar ta a kan haka ban gyara mata ba.

Yanzu ni ke kai masa ruwan alwala. Kullum sai na yi niyyar ragewa, amma hannuna ba ya ji, sai na cika butar yadda na saba shekara ashirin da shida. In ya idar ya miƙo min, akwai sauran ruwan ƙafa ɗaya a ciki. Sau biyar a rana nake zagayawa bayan ɗaki in zubar, don kada ya gani.

Ki yafe min in za ki iya. Ki gaida yara.

Ni ce,
Azumi