Na'urar Ta Tashi, Ni Ma Ban Faɗi Ba

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya kare ku daga sharrin baƙunta. Ni nan lafiya lau nake, sai dai gwiwar nan da kika sani, ita kuma mun saba da juna. Gwaggonki ta samu sauƙi har ta koma faɗa da maƙwabta. Tela na bakin layi ne yake rubuta mini, zai ɗauki hoton takardar ya tura miki ta wayarsa. Na ce masa yadda na faɗa haka zai sa, kada ya yi wa maganata ado kamar wuyan riga.

Kin tuna sharaɗin da muka yi lokacin da Allah Ya yi wa mahaifiyarki rasuwa. Ku kuka ce in koma gidan yayanki, na ce ba inda za ni. Ke kika raba gardama, kika sayo kwamfuta aka ajiye mini a kan teburin ɗinkinta, kika ce muddin kina ganin fuskata duk ƙarshen mako, ba mai taɓa ni. Ban taɓa saɓawa ba. To yanzu kin kira kin kira shiru, kuma na san abin da yayanki ya faɗa miki: wai tsufa ya kama ni, na dagula na'ura da hannuna, ban ma san me na yi ba. Har ya zo da mota ya kwashe gadona da kujerata, wai idan bayana ya gaji da tabarma zan biyo su. Shi ya sa nake so ki ji daga bakina, don mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Ga yadda aka yi. Ina zaune ina jiran kiranki, sai wani ɗan akwati ya fito a gilashin kwamfutar da rubutu a ciki. Ni da boko sai dai kallo. Amma ke kika koya mini cewa in na ga irin wannan in danna shuɗin, shi na danna. Na'ura ta yi ta juya wani ɗan zobe, ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa, kamar mai farfaɗiya. Daga ƙarshe gilashin ya koma shuɗi gaba ɗaya ya tsaya a haka. Na yi mata abin da nake yi wa rediyona, wato mari biyu a gefe, ba ta ji ba. Na kunna mata fanka ko zafi ne ya dame ta. Na lulluɓe ta da zane na bar ta ta huta. Da yayanki ya zo ya tarar da ita a lulluɓe, sai ya tsaya yana girgiza kai yana kallon matarsa, kamar ba ni na koya masa ɗaure wando ba. Bai ko tambaye ni me ya faru ba. Ya ce na'urar ta mutu, kuma dama lokaci ya yi.

Tela ne ya ce mini akwai mai gyara a bayan tasha. Da na ji ko wace ce, na ce gara ta ruɓe. 'Yar mai walda ce, mutumin da tartsatsin wutarsa ya ƙone mini bishiyar ƙofar gida, wadda mahaifiyarki ta shuka, har ya koma ga Allah bai ce mini sannu ba. Na yi kwanaki ina jan ƙafa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ari baro wurin masu bulo, na shimfiɗa bargo, na ɗora gilashin a kai, na tura har shagonta ina hutawa a hanya. Shago ne ɗan ƙarami, wayoyi sun yi rataye-rataye kamar kayan mahauci, ga gawarwakin na'urori jibge har rufi. Ta taso ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Baba ina sauran. Na ce mata wane saura, ga shi nan gaba ɗaya, a nan fuskar 'yata take fitowa, a nan kuma ciwon ya fito. Sai ta juya baya tana gyaran wani abu da bai lalace ba, kafaɗunta suna rawa. Ashe wai wannan baƙin akwatin da ke ƙarƙashin tebur, wanda nake ɗora ƙafa a kai idan gwiwa ta motsa, shi ne na'urar. To wa ya taɓa gaya mini? Tela yana dariya yanzu haka, na ce ya rubuta cewa ban ga abin dariya ba.

Yarinyar nan ta rufe shagonta, ta karɓi baron ta turo da kanta har gida. Ta zauna a ƙasa, tunda ba kujera. Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce a cikin akwatin akwai wani babban allo, madabod suke ce masa, shi ne uwar gida, kowane sashe daga wurinsa yake karɓar aiki. Masu ƙera shi sukan aiko masa da sabon umarni ta iska, wannan karon kuma gurɓatacce suka aiko, sai uwar ta daina jin maganar 'ya'yanta. Ta ce ba ni kaɗai ba ne, irin wannan ciwon ta yini tana gyarawa, har da na wani lauya. Na sa ta maimaita wannan wurin. Ta ce ko ita ce a zaune, shuɗin za ta danna. Sannan ta kunna ta kashe, ta kunna ta kashe, har ta samu wata ƙofar baya ta shiga, ta tumɓuke sabon umarnin ta mayar da tsohon. Nan take na'ura ta yi wannan ɗan kiɗan nata, hotonku ya fito, ke da yaran. Na ce mata dama da tsohuwar zuma ake magani. Ta kuma ɗaure ta yadda ba za ta sake karɓar baƙon abu ba sai ita ta duba. Amma ta roƙe ni in daina mari, in kuma nema wa ƙafata wani matashin. Uban dai ban yafe masa bishiya ba, kada ki ce na ce. 'Yar kuwa, Allah Ya yi mata albarka.

Ta so ta kira ki a lokacin, na hana. Na fi so ki karanta wannan tukuna, ba tare da yayanki yana tsoma baki ba. Ba na cewa ba ya ƙaunata. Na san ya share mini ɗaki, an ce har da labule sabo. Amma Auta, a can zan zama kaya ne, a ajiye ni a ɗaga ni. A nan na san kowane tudu a tsakar gida ko ido a rufe, nan aka haife ku, nan aka yi wa mahaifiyarku wanka. Ba zan ɓoye miki ba, hannuna yana ɗan rawa yanzu, baron nan ma ya sa na kwana biyu ban miƙe sosai ba. Za ki gani ai, gilashin ba ya rufa asiri.

Saboda haka ki kira ƙarshen makon nan kamar yadda muka saba. Ki dube ni da kyau, gani ya kori ji. Idan kin ga mutumin da bai kamata ya kwana shi kaɗai ba, ki faɗa, zan kulle ƙofa in tafi ba gardama. Amma ban yarda da saƙo ba, ban yarda da mota ba. Ke za ki faɗa da bakinki, kina kallona.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce ina godiya da haƙurinsa. Ki gaishe da amaryata mai wushirya, ki ce idan ta ci gaba da ƙin karatu zan sake ta. Ki gaishe da ƙanenta Sarkin Ɓarna. Gwaggonki tana gaishe ku, tela ma ya ce a sa tasa.

Ni ne mahaifinki, mai jira.