Fentin Barandata da Takardar Cleophus

Litinin, 6 ga Mayu
Cleophus ya fara kankare fentin baranda yau. Tun Harold mijina na da rai shi ke yi mana fenti, shi ke yi wa rabin mutanen cocinmu. Injin samfefa na ta kuka, ƙura fara fat ta lulluɓe tumatirina. Nyla jikata ta zauna a matakala tana zana fuska a cikin ƙurar da yatsa. Na ɗauke ta hoto ma.

Talata, 7 ga Mayu
Wata mata daga ofishin gari ta zo, Pawlak sunanta. Ko sannu ba ta gama ba ta tsaya tana kallon ƙasa, tana kallon takalman Cleophus. Sai ta ce ina takardar shaidarsa ta aikin fenti mai dalma.
Ya ce, "'Yata, kina cikin zanen goyo nake fenti a Milwaukee."
Ta ce, "Na yarda, Baba. Kashe injin dai."
Ta liƙa jar takarda a ƙofata, an tsayar da aiki. Kunya kamar in nutse! Wane munafukin ne ya kira su?

Alhamis, 9 ga Mayu
Abin ya hana ni sakat. Wace irin takarda ce ke koya wa mutum riƙe burushi? Na buga wa Pawlak waya, da niyyar faɗa, sai na ɓige da tambayoyi. Ashe duk gidan da ya tsufa kamar nawa, sai an ɗauka fentinsa na ƙasa da dalma a ciki. Dalmar kuwa guba ce, tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Wai sai a shimfiɗa leda, a jiƙa bango kafin a kankare, a rufe tagogi, a cire takalmi kafin a shiga gida. Karatun samun takardar na kwana ɗaya ne ma. Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan, amma mutane sun fi son a ce sun riga sun iya.
Wai ɓawon fentin zaƙi ne da shi, shi ya sa yara ke tsotsa. Wa ya ɗanɗana har ya gano?
Ta tambayi shekarun Nyla. Na ce uku. Ta ce a kai ta a duba jininta.

Lahadi, 12 ga Mayu
A coci Cleophus ya ce, "'Yar'uwa Vernice, 'ya'yana duk cikin ƙurar nan suka tashi, ga su nan garau." Na ce haka ne. A hanya kuma na tuna Dwayne ɗansa na ƙarshe, wanda makaranta ta gagara, ba a taɓa sanin dalili ba. Allah ya yafe mini, ban kamata in yi wannan tunanin ba.

Juma'a, 17 ga Mayu
Sakamako ya fito. Akwai dalma a jininta. Likita ta ce ba mai yawa ba ne, a sake dubawa bayan wata uku. Ita kuwa Nyla ba ruwanta, alawa take nema. Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Na tuge tumatirin duka na zuba a bola.

Asabar, 25 ga Mayu
Na ce wa Cleophus zan kai shi ajin karatun takardar da motata, in jira shi a waje. Ya kwashe da dariya. "A zaunar da ni kamar ɗan firamare, yarinya ta koya mini jiƙa bango? Haba 'Yar'uwa." Ya shanye kofinsa ya tafi.

Litinin, 3 ga Yuni
Da hantsi na ji kukan injin. Gidan Marisol ne, tsallaken titi, wadda ta haihu a watan Maris. Tagoginta a buɗe. Cleophus na kan tsani, ya hango ni ya ɗago mini hannu, na ɗago masa.
Na shigo na kira ofishin gari. Ranar kwasar shara dama nake son tambaya. Da Pawlak ta ɗauka, lambar gidan Marisol ce ta fito daga bakina.
Cleophus ne fa ya ɗauki akwatin gawar Harold. Ban ci abincin rana ba.