Damin Ciyawa a Ƙofar Ɗakina

Tishigu, Tamale
3 ga Yuni

Zuwa ga mahaifina, Baba Ɗankande,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, da Inna da ciwon ƙafarta, da dukan 'yan ikilisiya. Yaya damina? Tunda kunnenka ya yi faɗa da waya, ga takarda ta hannun direban albasa.

Aikin bishara yana tafiya. Fasto ya kama mini ɗaki a gidan wata dattijuwa Musulma, Mma Adijatu. Ya ce zaman gidan nan shi ne jarrabawata: in na cika shekarar koyon aiki lafiya da mutanen gidan, hukumarmu za ta ba ni wurin aiki nawa, in na kasa, sai gida.

Hausarsu sai ka yi dariya, "kai" suke ce mini kamar wani ƙato. Mma ta san abin da ya kawo ni, ta ga Littafi Mai Tsarki a hannuna, amma ko a jikinta, kullum sai ta aiko mini da tuwo. Wannan ne ya hana ni sakin jiki, don banza ba ta kai zomo kasuwa. Ɗanta Wahid, mai walda, ba na fita bai tambaye ni inda za ni da lokacin dawowata ba. Ina ruwansa? Ka san tun da aka cinna wa majami'armu wuta ina ƙarama, fara'ar maƙwabci ba ta ruɗa ni. Waɗanda suka zo da fetur ɗin ma ai mun ci naman sunan 'ya'yansu.

A ci gaba da yi mini addu'a.

'Yarka,
Briskila

15 ga Yuli

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kowa lafiya. A tsaye nake rubutun nan.

Kwanan nan samari suna ta shigo da busasshiyar ciyawa suna ɗaure ta dami-dami a jikin sanduna. Wa ke yin jinka a tsakiyar damina? Ɗazu na iske Wahid a zaure yana wasa adda, ga tsohuwar bindigar toka a gefensa. Da ya gan ni sai ya yi murmushi. Na shiga ciki, na tarar an jingina dami guda a ƙofar ɗakina, nawa ni kaɗai, har da jan ƙyalle a ɗaure.

Fasto ya tafi taro Kumasi, wayarsa a kashe. Wa zan tambaya? Su? Na ɗauki hoton Wahid ta taga, na tura wa zauren addu'ar matasanmu na gida a waya, na ce su yi gwiwa biyu, za a ƙone ni. Yanzu zan bi ta ƙofar baya in tafi unguwar Vittin, gidan wata ma'aikaciyar jinya 'yar cocinmu. Tsoro nake ji, Baba. Kada ka gaya wa Inna.

'Yarka,
Briskila

24 ga Yuli

Mahaifina abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ina fata hankalinku ya kwanta. Lafiyata ƙalau, kunya ce kawai take neman kashe ni.

Da na isa Vittin na kwashe labari, matar nan ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe Bugum ne, bikin wuta na ƙabilar Dagomba. Duk shekara gari ke fita da jiniyar ciyawa, wato damin nan da ake kunna wa wuta a riƙe a hannu, ana kiɗa, ana harba bindigar toka sama. Kowane ɗan gida ana ɗaura masa tasa. Ta ƙofata Mma ce ta sa aka ɗaura, ta zaɓa mini ƙarama don kada ta yi mini nauyi.

Na yi maza in goge hoton, ashe ya riga ya yi fiffike. Daga zauren matasa ya shiga Jos, ya shiga Kano, ya dawo Tamale a wayoyin 'yan kasuwa, an rubuta "ɗan ta'adda" a ƙarƙashin fuskar Wahid. 'Yan sanda suka kira shi, ya wuni yana amsa tambayoyi. Wata makaranta da ta ba shi aikin ƙofofi ta janye. Yanzu in na shigo gida mata sai su yi tsit, kowace ta ja ɗanta.

Na durƙusa gaban Mma na roƙi gafara. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta ce ita ba ta korar baƙo, ɗaki nawa ne har shekara ta cika. Sai ta dube ni, ta ce, "Yarinya, duk tuwona da kana ci a gidan nan, da tsoro kana haɗiye shi?"

Gaskiya ta faɗa, Baba.

Wahid ya kwashe kayansa ya koma shagonsa, ya rantse ba zai kwana gidan da nake ba. Shi kaɗai Mma ta haifa. Fasto ya ce tunda ba a kore ni ba ina iya ƙarasa shekarata, takardar shaidar aikina ta fita da kyau. Na yi addu'a, na ce masa ba zan sayi wurin aiki da raba tsohuwa da ɗanta ba.

Ranar Asabar zan shigo motar albasa. A turo wani ya tarye ni a tasha.

Ubangiji ya tsare ku.

'Yarka,
Briskila