Kunnen Hagu na Bijimin Hashim

Dumega, Talata 14 ga Oktoba 2025, ƙarfe huɗu da kwata na yamma.

Zuwa ga Ajidan Saminu, babbana a aikin jandarma.

Baba, ina gaishe ku da fatan kun isa Dogon Dutsi lafiya. Ina biro, wato ofishinmu, ni kaɗai. Hashim makiyayi yana rufe a ɗakin baya, kuma jibi za a kai shi gaban alƙali kan satar bijimin Sama'ila.

Jiya a kasuwar shanu na ga abin da na kasa faɗa a gaban mutane. Alamar gidan su Sama'ila yanka ce a kunnen dama, ta gidan su Hashim a hagu. Sama'ila ne ya kama hannunku ya ɗora a kunnen dama, kuka shafa, kuka ce nasa ne. Bayan tafiyarku na koma na duba. Tsagar dama sabuwa ce, ba ta gama warkewa ba. A hagu akwai tsohuwar yanka, gashi ma ya fito a bakinta. Mai gani daga nesa zai hango ta.

Baba, ina jin idanunku ne. Tun da na fito lakkol, makarantar horon aiki, aka ba ni gare ku, ni kuke sa karanta kowace takarda, kuna cewa koyo ne. In na shigo ba kwa kiran sunana sai na yi sallama.

In na rubuta gaskiya a rapor, wato rahoton binciken, kumandanmu zai tambayi yadda kuka kasa gani. In na yi shiru, Hashim zai tafi kaso. Ku kuka riƙe mu bayan rasuwar mahaifina. Me zan yi? Na yi rubutun da manyan baƙaƙe don ya yi muku sauƙi.

Taku cikin ladabi,
Fadila

Dogon Dutsi, Laraba.

Fadila ɗiyata, muna amsawa. Innarki Ajuma ce.

Ke da iliminki, kin aiko ma wanda bai gani takarda? Manyan baƙaƙen naki ma ba su yi ba. Ya miƙo mani ya ce ta aiki ce, tabarau nai ya ɓace. Ina karantawa, da munka kai maganar ido ya ce in tsaya. Ban tsaya ba.

Ashe shi a tsammaninsa ban sani ba. Tun bara nike aje mai buta wuri guda, in baƙo ya zo in ɗaga murya in kira sunansa. Da na faɗa mai haka sai ya juya ga bango. Kafin yau ban taɓa ganin kukan mutumen ga ba, ko ran da munka binne ɗanmu.

Bayan azahar ya ce in rubuta maki wanga: "Ki sa kunnuwan duka biyu, ki sa wanda ya kama hannuna, ki sa dalili. Kar ki rage komi don ni." Na ce ba gaisuwa? Ya sake juyawa ga bango.

Ki ci abinci. Allah shi yi maki albarka.
Ajuma

Dumega, Alhamis 16 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Inna, ina gaishe ku. Don Allah ki karanta wa Baba.

Na miƙa rapor yadda ya ce. An saki Hashim, ya tafi da bijiminsa. Kumandan ya tambaye ni tun yaushe na lura, na faɗa masa. Ya ce Baba ya zauna gida sai likita ya duba shi.

Abin da ban sani ba:

Inda bijimin Sama'ila yake, in ma ya taɓa ɓacewa.

Ko Sama'ila ya san Baba ba ya gani lokacin da ya kama hannunsa, da wanda ya gaya masa.

Ko akwai wani da aka rufe a baya saboda irin wannan.

Ko idon zai gyaru.

Ina da hutu ranar Asabar, motar safe zan shigo. Ban sani ba ko zai yarda in shiga wurinsa. Ki tambaye shi.

Fadila