Saƙon Akuyar Gidanmu Zuwa ga Yaya Binta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Yayata Binta da ke Kaduna. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu ma nan Madadi lafiya lau, sai godiyar Allah. Ni ne dai Ado, autanku, wanda kika daina ɗaukar wayarsa. Shi ya sa na kawo wasiƙar nan fili. In kin ƙi karantawa, masu karanta littattafanki za su kai miki labari. Masu leƙe, sannunku da zuwa, ku gyara zama. Kada kuma a kama ni da kuskuren rubutu: allo na yi, bokon a waya na tsince shi.

Yaya, kaka biyu ke nan ba ki taka gida ba. Na san dalili, na kuma san ni na jawo.

Bari in tuna miki, ko da yake ke kika rubuta. Shekarar da Baba ya rasu, Inna ta fita takaba daidai lokacin cirar gyaɗa, rumbu kuwa wayam. Sai ta fara fita kala, tana tsintar abin da ya rage a ƙasa bayan masu gona sun kwashe nasu. Amma ba ta yarda ta yi a gonakin garinmu ba. Hanyar Kabo take miƙawa, inda ba a san matar wa ce ba, ke kina biye. In za ku dawo sai ta rufe kwandon da harawa. Duk wanda ya tambaya, ta ce wa akuya ta samo.

Ba mu da akuya. Ko kaza ba mu da ita.

Turke dai ta kafa a bayan ɗaki. Ni kuwa ina shekara shida, na ga turke babu akuya, na ce wannan aikina ne. Da na hango ku sai in tsuguna jikin danga in dinga kukan akuya, don maƙwabta su ji. Ranar farko Inna ta ɗauko muciya. Rana ta biyu ta ajiye. Ta uku ta ce in rage murya, akuyar da ta ƙoshi ba ta irin wannan ihun.

Ke ba ki taɓa dariya ba. Kina gefe kina ɓarar gyaɗa, farcenki duk ƙasa, idonki a kan komai. Ashe ajiya kike yi.

Da littafinki ya fito, wata guda na yi ina bin sa da yatsa. Kin sauya sunan gari, kin sauya na Inna, ni kuma kin mai da ni yarinya, wannan ban yafe ba tukuna. Kin rufa mana asiri iya ƙoƙarinki. Amma da na iso wurin akuya sai kaina ya kumbura. Na tafi teburin mai shayi, na tsaya a tsakiyar jama'a na ce ni ne akuyar, har na yi musu kukan don su gaskata. Kafin la'asar gari duka ya san matar cikin littafin Inna ce. Baffa ya kira ki ya ce kin kai mutuncin gida kasuwa. Inna ta yi wata uku ba ta leƙa suna ko biki ba. Ke kuma kika ɗauka ta cire ki daga ranta.

To ga abin da ba ki sani ba.

Iya Tabawa, maƙwabciyarmu ta gabas, ita ta fara shigowa. Ta ce tun ranar farko sun gane, don ba su taɓa jin akuyar da ke tari tana neman ruwan sha ba. Sannan ta ce ita ma a shekarar hanyar Unguwar Tudu take bi, da nata kwandon, da tata harawar. Tata akuyar dai ba ta kuka, don ba ta da Ado. Yaya, ban taɓa ganin Inna ta yi dariya har da riƙe ciki ba sai ranar.

Kin tuna inda kika rubuta cewa yanzu an daina barin kala, ana gama cira washegari a zuba shanu, wadda aka gani tana tsinta kuma a kira ta ɓarauniya? Jikar Mai unguwa ta karanta masa wurin. Ya tara manoma da masu shanu bayan Juma'a, aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe aka tsaya a kan kwana uku: ba dabbar da za ta shiga gona, shi ma mai gonar ba zai je kusa ba, don kada ya ga fuskar mai shiga. Tun bara ake yi. Baffa da kansa na kama shi ya bar layi biyu a ƙarshen gonarsa bai cire ba. Wai mantuwa ya yi. Mutumin da ba ya manta ko tsinken sakace!

Ni na karanta wa Inna littafin, kullum kaɗan-kaɗan bayan azahar. Wuri biyu ta tsayar da ni. Ta ce ba ta taɓa kuka a hanya ba, sai ta shigo ɗaki, a gyara. Sannan ta ce kwandon nan ai a kanki yake dawowa, tun daga can har gida, me ya sa ba ki rubuta ba?

Ni ma tambayar da nake yi ke nan. Kin sa kowa a ciki, har akuyar ƙarya, kin bar wadda wuyanta ya ɗauki kayan.

Littafin yana akwatinta, ƙarƙashin zanen Sallah. In baƙuwa ta zo sai ta ɗauko ta nuna, ta ce waccan ta Kaduna ce ta sa aka bar wa mutane kala. Kada ki jira ta kira ki. Ke 'yar fari ce, sunanki ma ba ta taɓa kamawa ba, balle ta ce tana kewarki. Amma duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta aike ni in dubo wa ya sauka.

Laifin nawa ne, Yaya, bakina ne ya yi, ki yafe mini. Kunyar kuwa ta tafi. Yau in na wuce aka ce ga akuyar Binta, tsayawa nake in amsa.

An kusa fara cira. Ki zo ki ga kwana ukunki da idonki. Na sayi akuya ta gaske na ɗaure a turken nan, sai dai har yau kukanta bai kai nawa ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa albarka a alƙalaminki, ya kawo ki gida lafiya kafin shanu su shiga gona. Amin.

Naki har kullum,
Ado, akuya mai ritaya.