Wa Ya Ce Ruwan Rijiyarmu Ya Isa?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban furojen ruwa, wato shirin samar da ruwa da ke Mayahi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Rabi, shugabar kwamitin rijiyar ƙauyenmu a komin, wato ƙaramar hukuma, ta Gidan Amumune.

An cire mu daga jerin garuruwan da za a haƙa wa foraj, wato rijiyar burtsatse, kuma kalma guda ce ta cire mu. Ma'aikacinku ya rubuta da Ingilishi cewa ruwanmu "adequate" ne. Na kai takardar wurin mushen da ke koyar da Ingilishi a kwaleji. Ya ce kalmar daga Latin ta fito, tushenta daidaita abu da abu, kuma ba a faɗinta sai abin da ke hannu ya yi daidai da bukata. To, ranka ya daɗe, da bukatar wa aka daidaita?

Na ɗaya: da kaka ma'aikacin naku ya zo, rijiya cike. Ya leƙa, ya ɗauki hoto, ya faɗa mota. Ko furar da muka dama masa bai tsaya sha ba, balle ya tambayi yadda muke da bazara.

Na biyu: yanzu bazara ce. Sai an ɗaura igiya a kan igiya, guga ya fito rabinsa laka. Tun hantsi nake layi har azahar kan bido biyu, jarka biyu kacal, ni da nake shugabar kwamiti ma ke nan!

Na uku shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tun kakanni rijiya ɗaya muke sha da makiyaya. Larabar da ta wuce, ƙanena Sale da Bello, Bafulatanin da yake yi masa kiwon awaki shekara da shekaru, suka ɗaga wa juna sanda kan wa zai fara ja. Ni na shiga tsakani, sanda ta same ni, har yau kafaɗata ba ta ɗaguwa. Wallahi tsoro nake ji, don gobe ba lalle sanda ce ba.

Roƙona biyu ne. A sake aiko mai dubawa kafin ruwan farko ya sauka ya ɓoye gaskiya, kuma a mayar da sunanmu kafin a rufe jerin.

Na haɗo maka da kwalba guda ta ruwan rijiyar, ɗibar jiya ce. In za ka iya zuba wa iyalinka su sha, ka bar kalmar yadda take, ba za ka sake jin bakina ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare gidanka da ƙishirwa.

Wassalam.
Rabi, a madadin matan rijiya.