Kibiyar Abbas da Sunaye Goma Sha Huɗu

Talata. Aikin farko: na kira mutum uku na tuna musu lokacin ba da jininsu ya zagayo. Na biyu shi ne wasiƙar nan. Hajiya Mariyamu, don Allah ki taimake ni, wani abu ke cina a rai, kuma kunyar faɗinsa nake ji.

Shekarata arba'in da ɗaya. Shekara tara ke nan ni ke riƙe da rajistar ƙungiyarmu ta masu ba da jini kyauta a nan Azare. Littafi huɗu na cika da hannuna: suna, unguwa, rukunin jini, lambar waya. Har Disina da Udubo na je a babur ina rubuta mutane.

Bara abokina Abbas, wanda muka zauna benci ɗaya a sakandare, shi ya wuce jami'a ni na tsaya, ya zuba sunayen a manhajar waya. Mutum ɗari takwas da 'yan kai a jere. Buƙatar gaggawa can sama take fitowa, to in ka gangara neman mai jinin da ya dace, sai ka yi ta shafar waya kafin ka komo ka ga lambar dangin mara lafiya. Na yi masa ƙorafi. Bayan sati biyu sai ga 'yar kibiya a kusurwa, taɓawa ɗaya ta mai da kai sama.

Ranar taro shugabanmu ya ɗaga wayarsa yana nuna ta, aka yi ta tafi. Yanzu kibiyar Abbas ake ce mata. Har matata Kaltum sai da ta yaba. Littafina huɗu kuwa ba wanda ya ambata.

Kullum ina rubuta abin da na yi, don haka na je na duba, ina da tabbacin ni na kawo shawarar. Abin da na tarar shi ne: "Na gaya wa Abbas jerin ya yi tsawo, yatsana ya gaji." Shi ke nan, babu maganar kibiya. Sau biyar na karanta. Wataƙila dama ni mai kwafe suna ne kawai.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Tun ranar taron na samo sababbin mutum goma sha huɗu, biyu cikinsu jininsu irin mai wuyar samu ne, kuma ban tura wa Abbas sunayensu ba. Sau biyu ya tambaya, na ce ban gama tantancewa ba.

Aikin gobe:
1. Gyaran birkin babur.
2. Takardar ajiye aiki.
3. Sunayen nan, ban sani ba tukuna.

Mai Rajista, Azare

Malam Mai Rajista, zafin da kake ji yana da dalili. Shekara tara ba wasa ba ce, kuma shugabanku ya yi sakaci da bai ambace ka ba. Ka same shi ku biyu ka gaya masa, wannan ba roƙon yabo ba ne.

Amma littafinka ya gaya maka gaskiya. Kai ka gano matsalar saboda kai ke aiki da jerin kullum, Abbas ya samo maganinta. Ba shi ya raɗa wa kibiyar suna ba, kuma da yana ganin ba ka da amfani, da bai neme ka sau biyu ba. Ina zaton jami'ar da ya tafi ya bar ka ta fi kibiyar yi maka ciwo. Wannan ka zauna da shi a hankali, ba laifi.

Sunayen ne ba zan sassauta maka ba. Riƙe su ba ya rage wa Abbas komai. Wadda zai cutar ita ce mace mai naƙuda da za a nema wa jini a duba waya a ce babu, alhali mai jinin yana nan cikin littafinka. Ba don haka ka tafi Udubo a babur ba.

Ka gyara aikin goben naka. Na ukun ya dawo na farko, ka kai su da kanka bayan asuba, ka kuma gaya wa abokinka abin da ya riƙe su. Na biyun ka soke shi. Birki kam a gyara, Disina na jiranka.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya saka maka da alheri a kan kowane suna da ka rubuta.

Hajiya Mariyamu